Na Ce Musu Sanyi Ne

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Ruwa tun hantsi. Indararon ɗakin Falmata ya sake toshewa, ruwa yana bin bango. Shekara shida da rasuwarta, har yanzu ɗakin Falmata nake ce masa. Ba ni da ƙafar hawa sama in gyara, sai kallo.

Da ruwan ya tsagaita, 'yata Nana Hauwa ta shigo da 'yarta Ikram. Yau Ikram ta fara zuwa awon ciki, cikin fari, wata biyar. Tun daga zaure na ji muryarta: "Ina angon nawa? Amarya ta zo yana kwance?" Na ce amaryar da ta guje ni ta auri mai gyaran keken ɗinki, me zan tashi in yi mata? Haka muke da ita tun tana rarrafe.

Ta miƙo mini katin awo da wata 'yar takarda. Duk lungun nan ni ake kawo wa takardar Turanci, saboda na yi akawu a Reluwe shekara talatin da ɗaya. Ta ce an huda mata yatsa an gwada jini, nas ta ce sai an yi mata allura uku, mako-mako, kuma 'yar takardar ta mijinta ce, shi ma ya zo. Nas ta yi bayani da sauri, rabi da Turanci, layi ya yi tsawo a bayanta. Ita kuwa ta ce sai ta yi shawara a gida. "Ban ma tambayi waya ba," in ji ta, "tunda ina da kai."

Na sa tabarau. Kalma biyu ce da jan biro. Syphilis. Positive.

Na cire tabarau na goge, na mayar. Nana Hauwa tana bakin ƙofa, kanta a sunkuye kamar kullum in tana gabana. Ta ce, "Baba, mene ne?"

Na ce sanyi ne.

"Alhamdu lillahi! Sanyi kawai? Wace mace ce ba ta da shi? Shi ne za su ɗaga wa yarinya hankali, har da allura a kan ciki?" Ta ce akwai wata mata a Zaitawa mai haɗa jiƙon sanyi, kwana bakwai an gama. Na ce a dai bi maganar asibiti. Ban tabbata sun ji ba, don ni ma da ƙyar na ji kaina.

Talata, 5 ga Agusta, bayan Asuba

Ba sanyi ba ne.

Alhamis, 7 ga Agusta, hantsi

Na kewaya tsakar gida ban san sau nawa ba. Na ɗora shayi na manta shi har ya ƙone. Na buɗe rediyo na kashe.

Ciwon yana da suna da Hausa, yaran yanzu ba su san shi ba. Ban rubuta shi ba. Ta yaya mutum zai buɗe baki a gaban 'yar cikinsa ya ambaci ciwon da ake ɗauka a shimfiɗa? Tsakanina da Nana Hauwa ko maganar haihuwa ba mu taɓa yi ba. Ran da ta haifi Ikram, maƙwabciya ce ta gaya mini, na ce madalla, na fita masallaci.

Sanyi na ce don a wuce wurin, in ya so daga baya in gyara. Yau kwana uku.

Juma'a, 8 ga Agusta, kafin masallaci

Ɗantani wanzami ya zo aski. Tare muka tashi a Yakasai, ya girme ni da wata biyu kuma bai taɓa barin in manta ba. Ya ce, "Ari, kan nan naka ba aski yake so ba, shafa yake so. Gashi bakwai ne, na ƙirga."

Na ce hannunsa da ke rawa ne ya zubar da sauran.

Ya ji labarin cikin Ikram. Ya ce in namiji ne shi zai cire masa beli ko da rarrafe zai je. Askar tana kan ƙeyata sai ya ce, "Allah ya jiƙan Falmata, da ta ga wannan. Mace mai haƙuri. Uku ta binne kafin Nana Hauwa ta tsaya, ko?"

Na ce uku.

Ya ce, "Wabi ba daɗi."

Na ce ya yi sauri, an kusa kiran salla.

Juma'a, bayan La'asar

Na farko bai zo da rai ba, wata bakwai. Ta biyu ta kwana biyu. Na ukun ya kai suna, fatar tafin hannunsa tana saɓulewa, hancinsa ba ya bushewa. Mustafa. Ya yi kwana goma sha tara.

Matan gidanmu suka sa mata mai wabi. Ta sha rubutu har haƙoranta suka yi duhu. An kai ta wajen masu magani har Ƙofar Ɗan Agundi. Ni na riƙa raka ta. Ni nake riƙe mata kwalbar.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Na hau adaidaita sahu na je asibitin. Na ce wa kaina awon jini zan yi, amma na wuce ɗakin na nufi wajen masu ciki. Mata sun fi hamsin a kan benci. Wata ta dube ni da sandata ta ce, "Baba, kai wata nawa?" Aka kwashe da dariya. Na ce nawa ya daɗe, ya ƙi fitowa. Suka matsa mini na zauna.

Da nas ta sami sarari na ce wani ne ya aiko ni da tambaya. Ba ta ce wane ne ba, Allah ya yi mata albarka. Na rubuta mata kalmar a bayan katina. Ta ja ni gefe.

Ga abin da ta ce, na rubuta don kada in rage wa kaina. Ciwon yana iya zama a jini shekaru mutum bai ji komai ba, shi ya sa suke gwada duk mai ciki tun zuwan farko. Yana ratsawa ya kama ɗan da ke ciki. Cikin yana iya zubewa, ko a haife shi ba rai, ko ya zo da ciwon. Allurar penisilin tana warkar da uwa da ɗa gaba ɗaya, amma a yi ta da wuri, kada a bari haihuwa ta matso. Jiƙo ba ya taɓa shi. Kuma in ba a yi wa mijin ba, zai iya sake mayar mata da shi.

"Baba, duk wanda ya aiko ka, ka ce masa kowane mako yana da muhimmanci."

Na ce to. Na iya cewa to. Wani likita ma na taɓa ce masa to.

Talata, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Na je shagon Isiyaku, mijin Ikram. Tafiyar da nake yi a minti biyar da, yau sai da na zauna sau biyu a dakalin mutane.

Yana ganina ya miƙe yana dariya. "Jama'a, ga kishiyata... a'a, ga abokin takarata! Tsoho, ka zo ƙwace matarka? Ka makara, na riga na ajiye shaida." Teloli biyu da ke jiran kekunansu suka yi dariya. Mijin jika ne, tsakaninmu wasa ne, tun ranar ɗaurin aure ban taɓa yi masa magana ba tare da tsiya ba.

Na ce, "Maganar allura ce ta kawo ni."

Ya jawo akwati. "Lamba nawa? Sha shida ko sha takwas? Ko ɗinki za ka fara don ka burge ta?"

Na ce ba irin wannan ba, ta asibiti, wadda aka ce a yi wa Ikram, da kai ma.

"Au, sanyin nan? Ai Umma ta kawo mata magani. Ni kuwa me ya haɗa ni da sanyin mata? Dube ni fa." Ya bugi ƙirji. Telolin suna kallonmu.

Na karɓi allurar ɗinki guda biyu na dawo gida. Ga su nan a kan teburi.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan Azahar

Nana Hauwa ta kawo mini tuwo da miyar kuɓewa. Ta ce Ikram tana shan jiƙon, har ta ji sauƙi. Sauƙin me? Yarinyar ba ta taɓa cewa wani wuri yana mata ciwo ba.

Na ce gara dai ta koma asibiti a yi allurar.

Ta ce a hankali, "Baba, ai kai ka ce sanyi ne."

Na dubi tuwon. Na ce gishiri ya ji.

Ita ce ta tsaya a cikin huɗu. Kafin cikinta Falmata ta yi ciwon haƙarƙari mai tsanani, aka kwantar da ita, aka yi mata allurai kwana goma. Bayan shekara aka haifi Nana Hauwa lafiya lau. Kowa ya ce rubutun wani malami ne ya karya wabin, har rago aka kai masa. Ni kaɗai na san sunan allurar da aka yi mata.

Asabar, 16 ga Agusta, hantsi

Zazzaɓi. Ruwa ya dake ni jiya a hanyar masallaci.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Na kasa tashi. In na mutu a makon nan, sanyi ne zai zama maganata ta ƙarshe a kai.

Talata, 19 ga Agusta, bayan Asuba

Na sha koko ya zauna. Kwana goma sha biyar ke nan da katin. Na ƙirga a yatsu, na sake ƙirgawa, kamar adadin zai ragu.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan La'asar

Ikram ta zo dubiya ita kaɗai, da kunun gyaɗa a fulas. "Ango, kada ka kuskura ka mutu ka bar ni da takaba, ga ciki." Tana zubawa sai ta tsaya ta dafe gefen cikinta tana murmushi. Ta ce ya fara shuri, ba ya barinta ta yi salla cikin natsuwa.

Na ce, "Ikram, ajiye kofin."

Ta ɗago. Ban tuna ranar da na kira ta da sunanta ba.

Na ce ƙarya na yi ranar nan. Abin da ke kan katin ba sanyi ba ne, sunansa tunjere. Ga shi na rubuta. Ba ta san kalmar ba, sai da na yi mata bayani, ina kallon bango. Na faɗa mata duk abin da nas ta ce, ban rage ba.

Hannunta yana kan cikin.

"Kwana goma sha shida, Kaka. Ni ina ta shan ɗaci."

Na ce na sani.

"Daga ina na same shi?"

Na ce ban sani ba, kuma katin bai faɗa ba. Wannan tambayar za ta iya jira, na cikin ba zai iya ba.

Ta ce gobe za ta je, Isiyaku ba ya hana ta asibiti. Sai ta buɗe jaka ta ciro 'yar takardar nan ta mijin, ta ajiye a kan tabarmata. "Wannan kuwa ba zan iya ba. In na miƙa masa, ko ya ce ni na kawo, ko ni in ce shi ne. Daga nan ban san abin da zai rage a ɗakin ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Ba ta yi mini wasan sallama ba. Ta bar fulas ɗin.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Azahar

Ikram ta yi waya. An yi allurar farko. Ta ce wa uwarta asibiti sun ce irin wannan sanyin sai allura. Ba ni da bakin gyara wa wani magana.

Na yi sujada a tsakar gida, tashi ya gagare ni, sai da na ja jiki zuwa turmi na dafa.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Na aika wa Isiyaku cewa keken Falmata yana son gyara. Ba ƙarya ba ne, shekara shida ba a taka shi ba. Ya zo da jakar kayan aiki. "Ashe da gaske ɗinkin za ka fara! Me za ka ɗinka mata, zanen goyo?"

Na kai shi ɗakin. Na rufe ƙofa. Ya warware kan keken, ya jera sukurori a kan murfin kwano, yana ta tsiya. Na bari sai da hannunsa ya yi baƙi da mai, yadda ba zai tashi da sauri ba.

Na ce, "Malam Isiyaku, yau ba wasa."

Ya yi dariya. Da ya ga fuskata ya daina.

Ban fara da shi ba. Na fara da wani akawu ɗan shekara ashirin da huɗu da aka tura aiki wata tashar jirgi mai nisa, wata takwas, amaryarsa tana Kano. Bayan ya dawo gida ya ga abin da ya gani a jikinsa. Likita ya yi masa allura, ya ce ya kawo iyalinsa. Ya ce to. Kullum yana cewa gobe, don bai san da wace fuska zai faɗa mata ba. Na gaya wa Isiyaku sunan Mustafa. Na nuna masa gadon.

Ban taɓa faɗa wa Falmata mai keken ba. Shekara hamsin da huɗu muna ɗaki ɗaya.

Sannan na faɗi sunan abin da ke kan katin Ikram, na ajiye takardar a kan teburin keken.

Ya ce, "Wato ni kake nufi."

Na ce ban nufi kowa ba. Ban tambaye shi ba, ba zan tambaye ta ba. Ciwon yana ɓuya shekaru, ba wanda zai iya rantsuwa a kan ranar da ya shigo. Abin da na sani shi ne in ita ta warke shi bai je ba, zai iya komawa kanta, ya koma kan yaron.

"Ni lafiyata ƙalau."

Na ce ni ma haka na riƙa cewa.

Ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya tashi ya fita ba sallama. Kan keken yana ƙasa, sukurori a murfin kwano. Takardar tana inda na ajiye ta.

Lahadi, 24 ga Agusta, hantsi

Wataƙila na rusa musu aure. Wataƙila da na yi shiru da shi, na bar Ikram ta gama nata. A'a. Na san inda wannan hanyar take kaiwa.

Na shiga ɗakin sau huɗu. Takardar tana nan.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Ba labari. Na buga wa Ikram, ta ce Isiyaku yana cin abinci, yana fita, yana dawowa, ba ya magana. Bai yi mata faɗa ba. Ta ce da ma faɗan ya yi.

Duk takun da na ji a lungu sai in miƙe zaune.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

An yi mata ta biyu. An saurari bugun zuciyar yaron, nas ta ce yana da ƙarfi. Ta tambaye ta ina maigidan, Ikram ta ce yana hanya.

Ina ta tunanin ya tafi da sirrina a bakinsa. Zai iya faɗa wa Nana Hauwa. Za ta san dalilin da ya sa ba ta da yayye. Na duba zuciyata, na ga ina tsoro, amma ba kamar yadda na zata ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan masallaci

Na hango Isiyaku a sahu na uku. Da aka sallame ya bi ta ɗaya ƙofar.

Da na dawo na tarar an shiga ɗakin Falmata, ƙofar gidana ba ta da kuba. Jakar kayan aikinsa da ya bari ba ta nan. Takardar ma ban gan ta ba. Na duba ƙarƙashin keke ko iska ce ta ɗauke ta. Na duba sau uku.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan Azahar

Isiyaku ya yi sallama a zaure, ya jira sai da na amsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya zo ya ƙarasa aikin, ba ya barin keke a warware.

Na shimfiɗa masa tabarma. Ya durƙusa a hankali, ya zauna a kan ɓari ɗaya, ya miƙe ƙafar dama, ya cije leɓe. Na san wannan zaman.

Ya ɗauki sukurori yana mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Bai dube ni ba. Ya sa mai, ya ɗaura bel, ya juya da hannu, keken ya yi ƙara ya kama tafiya. Ya ce a ba shi allura ya gwada. Na miƙa masa ɗaya daga cikin biyun da na karɓo a shagonsa.

Yana zura zare ya ce, "Saura biyu. Ranar Alhamis zan raka ta tata ta ƙarshe."

Na ce Allah ya yi albarka.

"Abin da ka gaya mini, a ɗakin nan ya tsaya."

Na ce na gode.

Ya gyara zama, ya sake cije leɓe. "Tsoho, matar nan mai allura ba ta da imani ko kaɗan. A zamaninku ma haka take da zafi?"

Na ce ta fi haka, ku 'yan yanzu ragwaye ne. Na tura masa matashin kaina. Ya karɓa.